Zango Uku a Kan Kilimanjaro: Tarihin Ɗakunan Kwana da Ƴan Dakon da Suke Riƙe da Su

Yau tarihi zai kai mu gabashin Afirka, arewacin ƙasar Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, inda dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a nahiyarmu yake tsaye. Sunansa Kilimanjaro, tsawonsa mita 5,895. Don lissafin ya zauna mana, mu auna shi da namu: ƙololuwar Bagzan a duwatsun Azbin, wadda babu wurin da ya fi ta tudu a duk faɗin Nijar, mita 2,022 ce. Ke nan ko an ɗora Bagzan biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sauran tafiya mai nisa.

Akwai hanyoyi da dama na hawa wannan dutse, amma guda ɗaya ce kawai take da ɗakunan kwana ginannu, ita ce hanyar Marangu. Sauran hanyoyin a tanti ake kwana. A kan hanyar Marangu zango uku ne: Mandara, Horombo da Kibo. Biyu daga cikinsu ba da waɗannan sunaye aka san su da farko ba, kuma duk wanda ya bi diddigin yadda sunayen suka canza zai tarar da tarihin ƙasar kusan gaba ɗaya. Abu ɗaya ne bai canza ba tun daga farko har yau: duk abin da baƙo yake ci, yake sha, yake kwanciya a kai a can sama, wani ne ya ɗauko shi a ka ko a baya daga ƙasa.

Bari mu fara da yadda kwanan yake, sannan mu koma baya.

Ana shiga ta ƙofar Marangu, a tudun kusan mita 1,860. Ranar farko tafiyar kilomita 8 ce cikin kurmi mai duhu da laima, ga birai a kan itatuwa, har a iso Mandara a wajen mita 2,700. Ku lura, wannan zangon farko ma ya riga ya wuce Bagzan. Ɗakunan na katako ne, rufinsu ya sauko har kusa da ƙasa ta gefe biyu kamar bukka, a ciki gadaje ne masu hawa biyu da katifa da matashin kai. Bargo kowa da nasa yake zuwa. Fitila ta hasken rana ce, abinci kuma a babban ɗaki guda ake ci tare, Bajamushe da Bajapane da ɗan Kenya a kan benci ɗaya. Gadajen Mandara kimanin 60 ne.

Rana ta biyu itatuwa suna ƙarewa, sai ciyayi da iska, kusan kilomita 12 zuwa Horombo a mita 3,720. Nan ne zango mafi girma, gadaje kimanin 120, saboda masu hawa da masu saukowa duk nan suke haɗuwa. Mutane da yawa sukan ƙara kwana ɗaya a nan don jiki ya saba da ƙarancin iska. Rana ta uku a ratsa wani fili na tsakuwa da duwatsu tsakanin ƙololuwar Mawenzi da ta Kibo, wurin da ba ya fitar da komai, kamar hamada aka ɗauko aka ɗora a sama. Kafin a shiga filin akwai allo da ke shaida wa matafiyi cewa nan ne ruwa na ƙarshe. Zangon Kibo, a wajen mita 4,700, ginin dutse ne mai gadaje kimanin 60, ba rijiya, ba ƙorama. Duk ruwan da za a dafa shayi da shi a can, a jarka aka hau da shi.

A Kibo barci kaɗan ake yi. Kai yana sara, zuciya tana tashi, abinci ba ya shiga. Wajen tsakar dare a tashi mutane, a sha shayi, a ɗaura fitila a goshi, a kama hawa cikin ɗarin da hunturunmu ko kusa bai kai ba. A ƙololuwa, iskar da mutum yake shaƙa rabin ta bakin teku ce wajen amfani ga jiki. Shi ya sa kalmar da jagorori suka fi maimaitawa da harshen Suwahili ita ce "pole pole", wato sannu sannu. Mu ma ai mun san sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi gaggawa, ruwa yana iya taruwa masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma maganin farko shi ne a sauko da shi nan take. Akwai wani gadon ƙarfe mai taya ɗaya kamar baro da ake ɗora majinyaci a kai, ƴan dako su riƙe shi gaba da baya su gangaro da gudu.

To, yaya aka yi ɗakuna suka samu a irin wannan wuri?

Mutanen gindin dutsen, Cagga, sun daɗe suna noman ayaba a gangarensa, suna jawo ruwa daga sama ta magudanan da suka haƙa da hannu. Kowane yanki da sarkinsa, ana ce masa Mangi. Suna shiga kurmi neman itace da zuma, amma ba su da wata buƙata a can inda ba ciyawa ba ruwa. A watan Mayun 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango farin abu a kan dutsen, ya rubuta wa Turai cewa ƙanƙara ce. Wani masanin taswira a Landan, William Cooley, wanda bai taɓa taka wurin ba, ya dage cewa ƙanƙara ba za ta zauna kusa da tsakiyar duniya ba. An shekara fiye da goma ana wannan gardama kafin wasu matafiya su je su tabbatar. Gani ya kori ji.

Wanda aka rubuta a matsayin na farko da ya kai ƙololuwa shi ne Hans Meyer, masanin ƙasa daga birnin Laifzig na Jamus. Ya gwada a 1887 bai kai ba. A 1888 ya dawo, sai tawayen Abushiri na bakin teku ya rutsa da shi, aka kama shi, sai da aka biya fansa. A karo na uku ya zo da wani gwanin hawan dutse ɗan Ostiriya, Ludwig Purtscheller, suka kai ranar 6 ga Oktoban 1889. Dabarar da ta ba su nasara ita ce kafa sansani bisa sansani, ta yadda ƴan dako suke hauro musu da abinci daga Marangu a kai a kai, su kuwa ba sa saukowa. A sansanin sama, wani mutumin Pangani mai suna Mwini Amani ne ya zauna da su cikin wannan sanyi, yana dafa abinci, yana nemo ruwa da itace. Wannan tsari na sansani da dako shi ne asalin zango ukun da muke magana a kai.

Meyer ya kafa tutar Jamus, ya raɗa wa ƙololuwar sunan sarkinsa, Kaiser Wilhelm, ya kuma ɗebo dutse daga saman ya kai masa kyauta, aka liƙa shi a bangon fada a Fotsdam. Sunan Meyer yana nan har yau a kan wani kogo da ake hutawa a ciki tsakanin Kibo da ƙololuwa. Sai a 1989, wajen bikin cika shekara 100 da hawan, aka karrama wani dattijon Marangu, Yohani Kinyala Lauwo, a matsayin jagoran tafiyar, kodayake masana tarihi suna jayayya a kan ko wannan tafiyar ce ya raka ko wata ta baya. Ita kanta jayayyar tana nuna mana yadda aka riƙe lissafin: ranar haihuwar Purtscheller ma an rubuta, don ranar hawan ce ya cika shekara 40, amma na waɗanda suka ɗauki kaya sai an yi ta tone-tone.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta ba jikanta sarkin Jamus wannan dutse kyautar ranar haihuwa, shi ya sa iyakar Kenya ta karkace a wurin. Tatsuniya ce. Yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1886 ce ta sa dutsen ya faɗa ɓangaren Jamus.

Kafin yaƙin duniya na farko, Jamusawa sun gina ɗakunan kwana na farko a kan hanyar Marangu. Na ƙasa suka sa masa sunan Bismarck, mutumin da ya kira taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka. Na sama kuma ya ɗauki sunan Peters. Wannan suna yana da nauyi a yankin. Carl Peters shi ne kwamishinan Jamus a Kilimanjaro daga 1891, kuma a Marangu ya zauna. Ya sa an rataye baransa Mabruk da wata yarinya mai suna Jagodjo da ya ajiye a gidansa, ya kuma kai wa ƙauyuka hari. Mutanen ƙasar suka laƙaba masa "mkono wa damu", wato mai jini a hannu. Maganar ta kai majalisar dokokin Jamus a 1896, aka kore shi daga aiki a 1897. Duk da haka, shekaru masu yawa baƙi suna kwana a ɗaki mai sunansa, jikokin mutanen da ya zalunta suna ɗauko musu kaya zuwa ƙofar ɗakin.

Sarakunan Cagga ma ba su tsira ba. Mangi Rindi na Moshi, wanda Turawa suka fi sani da Mandara, mutum ne mai wayon mu'amala da baƙi, ya karɓi Larabawa da Ingilishi da Jamusawa, kowa yana cinikinsa da shi, har ya sa hannu a takarda da Jamusawa a 1885. Ɗansa Mangi Meli ya ɗauki wata hanya. Ya fatattaki sojojin Jamus a 1892, suka dawo da ƙarfi suka ci shi a 1893, sannan ranar 2 ga Maris 1900 suka rataye shi a tsohon garin Moshi tare da wasu shugabanni 18. Zuriyarsa sun shafe shekaru suna neman a dawo musu da ƙoƙon kansa, wanda suka ce an kai Jamus.

Bayan Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko, ƙasar ta koma hannun Ingila da sunan Tanganyika. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Turawa ce ta ci gaba da kula da ɗakunan, aka gina na Kibo a 1932. Daga nan hanyar ta cika zango uku, hawan ya zama sana'a, samarin Marangu suka fara gadon aikin jagora da dako daga iyayensu.

A 1959 Julius Nyerere ya faɗa a majalisa cewa mutanen Tanganyika suna so su kunna fitila a kan Kilimanjaro, ta haska har bayan iyakokinsu. Shekara ɗaya da ƴan watanni bayan namu ƴancin na 3 ga Agustan 1960, Tanganyika ta sami nata, ranar 9 ga Disamban 1961, kuma wani matashin hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya hau da tuta da wutar ƴanci zuwa ƙololuwa. Sunan sarkin Jamus ya sauka, wurin ya zama Uhuru, wato ƴanci. Ɗakin Bismarck ya koma Mandara. Ɗakin Peters ya koma Horombo, sunan wani sarkin Cagga na farkon ƙarni na 19 wanda ya haɗe yankunan gabashin dutsen a ƙarƙashinsa. A 1964 Tanganyika ta haɗe da Zanzibar, aka sami Tanzaniya.

Gwamnati ta mai da saman dutsen gandun ƙasa a 1973, aka buɗe shi ga baƙi a 1977, kuma a waɗannan shekaru ne aka gina ɗakunan katakon da ake kwana a ciki yanzu, da taimakon ƙasar Nowe. A 1987 UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gadon duniya. Tun 1991 doka ta hana kowa hawa shi kaɗai, dole sai da jagora mai lasisi. Yau fiye da mutum 30,000 ne suke gwada hawan a shekara ta hanyoyi daban-daban, kuma kowane baƙo ɗaya yana tafe da ƴan dako biyu, uku, wani lokaci har huɗu. Garuruwan Moshi da Arusha da ƙauyukan gindin dutsen, gidaje dubbai da wannan aiki suke cefane da biyan kuɗin makarantar yara.

Yanzu ga inda lissafin yake ɗaure kai. Shekaru da dama, hukumar gandun tana karɓar dalar Amurka 60 a kan gado ɗaya na dare ɗaya daga baƙon waje, kusan jika 35 ke nan a kuɗinmu na sefa, ban da dala 70 ta shiga gandun a kowace rana. Mafi ƙarancin ladan da aka taɓa tsayar wa ɗan dako kuwa a shekarun baya shilin Tanzaniya 20,000 ne a rana, abin da bai wuce jika biyar ba. Tafiyar Marangu kwana biyar ce ko shida. Ke nan kuɗin gado na dare ɗaya ya yi kusan daidai da ladan ɗan dako na tafiyar gaba ɗaya, in ma kamfanin ya biya shi cikakke. Wasu kamfanoni, don su karya farashi su ja baƙi, ladan ƴan dako suke fara yankewa, su bar su da jiran tukuici. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. An sha ganin ƴan dako suna hawa da takalmin roba da riga mara kauri, suna cin abinci sau ɗaya a rana, da kaya fiye da kima a kai. A watan Satumban 2002 guguwar sanyi ta faɗo wa dutsen, ƴan dako uku suka mutu saboda ba su da tufafin da za su kare su. Shekarar da ta biyo baya, 2003, aka kafa wata ƙungiya a Moshi da ake kira KPAP don kare haƙƙinsu. Tana ba su aron rigunan sanyi da takalma kyauta, tana tura masu sa ido cikin tafiye-tafiye, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da suke cika sharuɗɗa: lada cikakke, abinci sau uku, wurin kwana mai kyau, da raba tukuici a bainar jama'a don kada wani ya danne. Dokar gandun ta ƙayyade kayan kamfani da ɗan dako zai ɗauka a kilo 20, kuma akwai sikeli a bakin ƙofa da ake auna kowane ƙunshi. Masu ha'inci ba su ƙare ba, akwai waɗanda suke rage kaya a gaban sikeli su ƙara bayan an wuce. Amma dai yanzu akwai doka da ɗan dako zai iya nunawa da yatsa, abin da Mwini Amani bai samu ba.

Dutsen kansa yana canzawa. A 1912 ƙanƙarar da ke samansa ta kai faɗin murabba'in kilomita 12, zuwa 2007 ba ta kai biyu ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 ya tafi, kuma masana suna ganin ragowar ba za ta daɗe ba. A watan Oktoban 2020 gobara ta tashi a gangaren dutsen ta yi kwanaki tana ci, har ta lashe wasu ɗakuna a Horombo, aka kwashe baƙi, ɗaruruwan mutanen yankin da ɗalibai suka hau kashe ta da rassan itace. A watan Agustan 2022 kamfanin sadarwar gwamnati ya kai intanet mai sauri har Horombo, ta yadda baƙo zai kwanta a mita 3,720 yana aika hoto gida, a wurin da dā sai an aiki mutum da ƙafa.

Wata magana da ta fi tayar da hankalin ƴan dako ita ce ta 2019, lokacin da gwamnati ta bayyana shirin kafa motar igiya, irin akwatin nan da ke rataye a waya yana ɗaukar mutane zuwa sama. Masu shirin sun ce zai ƙaro baƙi, tsofaffi da masu rauni su ma su ga dutsen. Ƙungiyoyin jagorori da ƴan dako suka ce a'a, don baƙon da zai hau ya sauko a yini ɗaya ba ya buƙatar zango, ba ya buƙatar mai dafa abinci, ba ya buƙatar kowa ya ɗauki jakarsa. Kun ga abin mamaki a nan: aikin da yake karya musu baya, shi suke roƙo kada a raba su da shi, domin babu wani a ƙasa da zai maye gurbinsa. Abin da suke nema shi ne a biya su daidai, a tufatar da su, a ciyar da su.

In mun tattara, allunan dutsen sun canza har sau biyu a idon tarihi. Bismarck da Peters da sarkin Jamus sun sauka, Mandara da Horombo da Uhuru sun hau. Wasu sunayen Turawa suna nan: kogon Hans Meyer, tsaunin Gilman inda ake fara taka bakin ramin dutsen da asuba, da ƙanƙarar Rebmann wadda ita ma narkewa take yi. Canza allo aikin yini ɗaya ne. Sikelin bakin ƙofar Marangu kuwa sai da aka shekara fiye da ɗari ana hawa kafin a ga amfaninsa, kuma kowace safiya sai an sāke tsayawa a kansa an duba ko kilo 20 ɗin gaskiya ne.

Don haka in kun ga hoton wani a Facebook tsaye a gaban allon Uhuru, ya ɗaga hannu yana murna, ku taya shi murna, don ya sha wuya. Sannan ku tuna cewa a daidai wannan lokaci akwai mutum biyu ko uku a zangon Kibo, sun dafa ruwan da suka hauro da shi jiya, suna jiran ya sauko su naɗe kayansa su ɗora a ka. Sai mun haɗu a wani tarihin.